Ciwon asma da allurar Sin: jin sauƙi daban, buɗewar huhu daban

Tun shekara ta 1976 ƴan Nijar suka san likitocin ƙasar Sin da siraran alluransu waɗanda babu ruwan magani cikinsu. Masu ciwon baya da na gaɓɓai ne suka fi yaba su, masu asma kuma suka bi sahu. Yau, ban da allurar, ga kwalayen ƙwayoyin ganye da fatake ke shigowa da su daga Gwanzu. Mene ne ainihin abin da waɗannan hanyoyi ke yi wa ƙirjin da ya sarƙe, kuma ina iyakarsu?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Cadi ta shimfiɗa ta bisa Damagaram da Maraɗi da Tawa har Yamai, kowa na da abin da yake kuka da shi. Wani mura, wani kaushi da faso, direba kuma hazon da ke hana shi hangen hanya. To amma akwai waɗanda lokacin ya fi tsananta wa. Su ne ba su iya kwanciya da dare, sai dai su zauna su dafa gwiwa, ƙirji na kuka kamar usur, suna jan iska tamkar mai zuƙar ruwa ta kafar kara. Gidan da aka taɓa kwana a tsaye bisa kan yaro cikin wannan hali ba ya bukatar dogon bayani.

Asma ke nan, wadda tsofaffi ke kira fuka, ko huka a bakin mutanen yamma. Kada a haɗa ta da tarin fuka, wanda ƙwayar cuta ke kawowa, ake kuma ɗauka daga mutum zuwa mutum. Asma ba a ɗaukar ta wurin cin abinci ko kwana ɗaki ɗaya, ko da yake takan bi jini cikin dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum miliyon 262 ke fama da ita, kuma ta kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe marasa hali, inda ba a cika gano ciwon da wuri ba, ko an gano maganin ya gagara.

Abu biyu ke faruwa cikin ƙirjin mai asma, kuma duk wanda bai raba su ba zai sha wahalar fahimtar sauran wannan bayani. Na farko shi ne kumburi: cikin ƙananan hanyoyin da iska ke bi zuwa huhu kullum a kumbure yake, yana fid da majina, ko da mutum yana yawonsa lafiya lau a kasuwa. Na biyu shi ne tsukewa: idan ƙura ko hayaƙin icce ko turaren wuta ko sanyin asuba ko mura ta taɓa wurin da ya riga ya kumbura, sai naman da ke kewaye da hanyoyin ya ɗaure su tamkar an ja bakin jaka. Tsukewar ita ce ake ji ake gani. Kumburin kuwa shiru yake yi, amma shi ne tushe. Saboda haka maganin asibiti kashi biyu ne: mai buɗewa nan take, wato salbutamol da aka fi sani da Ventoline, da mai kwantar da kumburi sannu a hankali, kamar beklometazon da budezonid, waɗanda dangin kortizon ne da ake shaƙa kaɗan kaɗan.

Babu ɗaya cikinsu da ke raba mutum da ciwon har abada, kuma nan ne gizo ke saƙar. Wanda aka ce masa zai riƙe kwalbar shaƙa shekara da shekaru dole ya saurari duk mai cewa yana da abin da zai tumɓuke cutar daga saiwa. Ga kuma zancen kuɗi. Masu shekaru ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, farashin maganin da ake sayowa daga Faransa ya yi tashin gwauron zabo, alhali ma'aikaci na bin gwamnati albashin watanni. A waɗancan shekaru ne sayar da magani bisa tire da tabarma ya bunƙasa, jama'a kuma suka saba da neman sauƙi duk inda aka ce akwai shi.

Daga Guangxi zuwa Maraɗi

Ƙasar Sin ta fara tura likitocinta Afirka a shekara ta 1963, zuwa Aljeriya. Nijar ta ƙulla hulɗa da Pekin a watan Yuli na 1974, ƴan watanni bayan hawan Seyni Kunce, kuma bayan shekara biyu ayarin farko ya iso daga lardin Guangxi, wanda aka ɗora wa nauyin Nijar. Ayari na tafiya wani na zuwa, sun yi aiki a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Abin ya katse a 1992 sa'ad da gwamnatin riƙon ƙwarya ta amince da Taiwan, ya kuma dawo bayan an sasanta a watan Agusta na 1996. Babban asibitin da Sin ta gina a Yamai, mai gado 500, an ƙaddamar da shi a 2016.

Ya kamata a lura da wani abu da akan manta. Yawancin likitocin waɗannan ayarori masu tiyata ne da masu karɓar haihuwa da likitocin ƙashi da na ido, waɗanda suka yi karatun zamani irin na kowa. Mai allurar gargajiya ƙalilan ne cikinsu, sai dai shi ne ya fi shiga bakin jama'a, domin aikinsa ne baƙo ga ido. Shi ma baƙuncin nasa da iyaka: mutanen da suka tashi suna ganin wanzami na yin ƙaho da tsaga da sakiya ba su yi mamakin a ce ciwon ciki ana taɓa shi daga fata ba. Sinawan ma suna da nasu ƙahon, na kofin gilashi.

Ma'aikatan da suka yi karatu a Faransa kuwa ta wata ƙofa suka san abin. Can ne wani tsohon jami'in jakadanci, George Soulié de Morant, ya yaɗa shi tun wajen 1930, har ya zamanto likitoci masu takardar digiri na yin sa a Paris da Liyon da sunan akuponktur. Amurkawa ba su waiwaye shi sosai ba sai 1971, da ɗan jarida James Reston ya ba da labarin yadda aka tsira masa allura a Pekin don rage zafi bayan an yi masa tiyata.

Yadda likitan gargajiyar Sin ke karanta ƙirji

Tushen ilmin yana cikin wani littafi, Huangdi Neijing, da aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A cewarsa akwai wani ƙarfi da ake kira ci wanda ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, kamar yadda ruwa ke bin lambatu cikin garka. Manyan hanyoyin 12 ne, da wasu 2 da ke bin tsakiyar gaba da tsakiyar baya, kuma bisa waɗannan 14 akwai gurabe 361 da OMS ta daidaita sunayensu. Idan ƙarfin ya toshe ko ya raunana sai ciwo ya samu shiga, allura kuma ita ce mabuɗi. Masu fiɗar gawa don nazari ba su taɓa ganin waɗannan hanyoyi da ido ba. Hanya ce ta fassara jiki, irin wadda kowace al'umma ta ƙago kafin zuwan madubin likita.

Game da asma, fassarar tasu tana da tsari. Suna cewa akwai majina da ke ɓoye cikin huhu, iska ko sanyi ko abinci ne ke tayar da ita. Suna raba ciwon gida biyu, na sanyi mai farin kaki tsararo da na zafi mai kaki rawaya mai kauri, rabon da ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tun da shi ma ciwon sanyi da na zafi yake cewa. Suna kuma ɗora laifi bisa gaɓoɓi uku: huhu da saifa da ƙoda. Wani malaminsu na ƙarni na 14, Zhu Danxi, shi ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau, cewa lokacin da ciwon ya taso sai a yaƙe shi, lokacin da ya lafa sai a gina jiki. A nan lalle sun hango gaskiya tun da wuri: aikin asma ba ya ƙarewa da lafawar haki.

Mai zuwa wurinsu za a duba masa harshe, a daɗe ana sauraron bugun jini a wuyan hannu biyu, a tambaye shi barci da abinci da gumi. Daga nan sai allura, ta baƙin ƙarfe marar tsatsa, mai kaurin wajen rubu'in milimita, a bar ta minti 20 zuwa 30. Guraben da aka fi taɓawa don asma su ne Dingchuan a gindin wuya, wanda ma'anar sunansa ita ce kwantar da haki, da Feishu tsakanin kafaɗu, da Zusanli a ƙasan gwiwa. Wani lokaci a ƙona busasshen ganye kusa da fata don ɗumama gurbin, abin da mai asma ya kamata ya yi hattara da shi, domin hayaƙi hayaƙi ne ko na wane ganye.

Akwai kuma wata al'ada da ke cika asibitocin Sin da layi kowace shekara. A ranakun da zafi ya fi tsanani can, cikin Yuli da Agusta, akan manna wa masu asma wani ƙulli na ƙwayar mustad da citta da wasu saiwoyi a baya, sau uku, kwana goma goma tsakani, da nufin a yi maganin ciwon hunturu tun da bazara. Likita Zhang Lu ne ya rubuta haɗin a 1695. Ƙullin yakan tayar da bororo a fata. Wanda zai kwaikwayi abin a Tawa kuma sai ya fara warware lissafin kalanda, tun da Yuli da Agusta nan tsakiyar damina ne.

Awon da aka yi a Boston

Tambayar da ta dami mai ciwo ita ce ko abin yana aiki. Amsa mafi haske ta fito daga wani gwaji da likitocin Jami'ar Harvard suka buga a mujallar New England Journal of Medicine a watan Yuli na 2011. Cikin masu binciken akwai Ted Kaptchuk, wanda shi kansa ya yi karatun maganin Sin a Makawo, don haka ba za a ce maƙiyan abin ne suka shirya shi ba.

An ɗauki masu asma 46, 39 suka kai ƙarshe. Kowannensu ya zo sau 12, kuma kowace zuwa ana yi masa ɗaya cikin abu huɗu: ko a ba shi salbutamol na gaske ya shaƙa, ko a ba shi kwalba iri ɗaya wadda babu magani cikinta, ko a yi masa allurar ƙarya wadda ke komawa cikin mariƙinta ba tare da ta huda fata ba, ko kuwa a bar shi zaune ba a yi masa komai. Bayan haka sai a yi awo biyu. A sa shi ya hura cikin na'ura don a ga yawan iskar da yake iya fitarwa cikin daƙiƙa guda, awon da takardun asibiti ke rubutawa VEMS. Sannan a tambaye shi yadda shi kansa yake ji.

Da aka tambayi bakinsu, masu maganin gaske sun ce sun samu sauƙi kashi 50 cikin 100, masu kwalbar wofi kashi 45, masu allurar ƙarya kashi 46, waɗanda aka bari zaune kashi 21. Wato a wurin ji, kusan babu bambanci tsakanin magani da kwaikwayon magani. Da aka tambayi na'ura kuwa, sai labari ya sha bamban. Salbutamol ya ƙara iskar da kashi 20 cikin 100. Sauran ukun duka, har da zaman banza, kashi 7 suka tsaya.

Mai karatu ya tsaya nan ya yi tunani, domin a nan haɗarin yake. Mutanen da aka yi wa allurar ƙarya ba ƙarya suka yi ba da suka ce sun ji sauƙi. Sun ji shi da gaske. Kulawa da natsuwa da hannun da ya taɓa mutum suna rage tsoro, tsoro kuwa rabin azabar haki ne. Sai dai huhun nasu yana nan yadda yake, a tsuke. A ciwon baya, idan mutum ya ji sauƙi to ya samu abin da ya zo nema. A asma ba haka ba ne, saboda jin sarƙewar numfashi shi ne ƙararrawar da ke gaya wa mutum ya nemi magani ko ya nufi asibiti. Abin da ya kashe ƙararrawa bai kashe wutar ba ya bar mai gida cikin barci. Likitocin ƙirji sun daɗe da sanin cewa cikin waɗanda asma ta fi kashewa akwai masu raina tsananin ciwonsu, waɗanda ke jinkiri har sai magana ta gagara.

Mai kare allurar zai ce, da gaskiyarsa, ai ta ƙarya aka gwada a Boston. To, an gwada ta gaske ma, sau da dama. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwajen likitanci, ta tattara 11 daga cikinsu a shekara ta 2004, masu ɗauke da mutum 324, ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ba da shawarar yin allura don asma: gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma awon huhu bai nuna wani fifiko bayyananne na allurar gaske bisa ta ƙarya ba. A 2017 likitocin asibitin Charité na Berlin sun bi mutum fiye da 1,400 masu asma, inda aka ƙara wa mafi yawansu allura bisa maganin da suka saba sha. Waɗanda aka yi wa sun ce rayuwarsu ta yau da kullum ta gyaru. Amma babu allurar ƙarya cikin wannan gwaji, kowa ya san abin da aka yi masa, kuma ba wanda aka karɓe wa kwalbar shaƙarsa. Daga ƙasar Sin rahotanni masu yabo suna da yawa ƙwarai, sai dai tun 1998 wani nazari ya lura cewa gwaje-gwajen allura da ya duba daga can duka nasara suka bayyana, ba ko ɗaya da ya faɗi, kuma ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi da littafin ciniki wanda babu ranar hasara cikinsa.

Wannan ba ya nufin allurar aikin banza ce. A ciwon baya da na gwiwa da ciwon kai mai naci da tashin zuciya bayan tiyata, hujjojinta sun fi ƙarfi. Ko babban taron da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira a 1997, wanda ya yi wa allurar kyakkyawar tarba, matsayin mataimakiya kawai ya ba ta a zancen asma. A asibitocin Pekin da Shangai kansu, wanda aka kawo numfashinsa ya sarƙe, salbutamol da iskar oksijan da kortizon ake fara ba shi.

Ganyen da ya zama ƙwaya

Inda maganin Sin ya yi wa masu asma babban alheri ba ta allura ba ne, ta wani tsiro ne mai kama da tsintsiya da ake kira mahuwang. Tun wajen shekara ta 200 likita Zhang Zhongjing ya sa shi cikin haɗe-haɗensa na tari da haki, kuma har gobe ana dafa su. A 1885 wani masanin Japan, Nagai Nagayoshi, ya tsamo sinadarin da ke cikinsa, efedirin. A 1924 Chen Kehui da Carl Schmidt, a wata makarantar likita ta Pekin, suka nuna yadda yake aiki a jiki. Daga nan efedirin ya zama ɗaya daga manyan magungunan asma na duniya har tsawon shekaru talatin da wani abu, domin da gaske yana buɗe hanyoyin iska, kuma ana iya haɗiye shi.

Abin da ya kawar da shi shi ne halinsa: ba huhu kaɗai yake taɓawa ba, yana sa zuciya gudu, ya ɗaga jini, ya hana barci. Masu son ƙwallo za su tuna cewa shi aka samu a fitsarin Maradona bayan wasan Ajantina da Najeriya a gasar duniya ta 1994, aka kore shi. Salbutamol, wanda ya shiga kasuwa a 1969, ya gaje shi ne saboda ya fi tsayawa a huhu. A 2004 Amurka ta hana sayar da ƙwayoyin rage ƙiba da ƙara kuzari masu ɗauke da wannan tsiro, bayan an danganta su da shanyewar jiki da mutuwar fuju'a. Don haka mai hawan jini ko ciwon zuciya da aka ba haɗin ganye na asma yana da haƙƙin ya tambaya ko akwai mahuwang ciki. Haka ma saiwar zaƙi da suke kira gancawo, wadda ke shiga haɗi da yawa, ita ma tana ɗaga jini idan aka daɗe ana sha.

Hanyar da mahuwang ya bi ita ce wadda maganin zazzaɓin cizon sauro ya bi daga baya. Tu Youyou ta samo artemizinin a 1972 daga wani ganye da tsohon littafi ya ambata, aka auna, aka gwada, ta samu kyautar Nobel a 2015, kuma daga gare shi ake yin ƙwayoyin da ake ba wanda zazzaɓin ya kama. Ana neman irin wannan sa'a a asma. A 2005 an gwada wani haɗi na tsirrai uku mai suna ASHMI bisa mutum 91 na tsawon mako huɗu, aka kwatanta shi da ƙwayar kortizon. Numfashi ya gyaru a ɓangarorin biyu, ko da yake kortizon ya fi. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma mako huɗu ba ya isa a yanke hukunci kan ciwon da ke bin mutum rayuwa.

Kwalin da aka sayo a Gwanzu

Duk wannan zancen ganyen da aka san sunansa da awonsa ne. Kwalin da ɗan kasuwa ya sayo a Gwanzu ko Yiwu tare da kayan shagonsa, da kyakkyawar niyya, don tsohuwarsa ko ɗansa, wani abu ne daban: rubutun jikinsa ba mai iya karantawa a gidan, kuma ko an karanta ba lalle ya faɗi duk abin da ke ciki ba.

A farkon shekarun 1990, a wani gidan rage ƙiba na Burusel, babban birnin Beljik, an musanya wata saiwar Sin da wata mai kama da ita a suna, mai ɗauke da guba da ake kira asid aristoloshik. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da dama sai da wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma ciwon daji ya biyo baya. Wannan a Turai ke nan, inda ake da ɗakunan awo.

Wanda ya fi shafar masu asma shi ne algus da kortizon. Hukumomin kula da magani a Singapur da Hong Kong da Ingila sun sha gano ƙwayoyin da aka ce na ganye zalla ne alhali an zuba musu deksametazon ko ɗan'uwansa. Irin wannan ƙwaya tana aiki kamar sihiri, cikin kwana biyu haki ya ɗauke, mai shago ya samu shaida a unguwa. Bayan watanni sai fuska ta cika ta yi zagaye, ciki ya fito, sukari da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya yanke ta rana ɗaya ba, domin jiki ya riga ya daina yin nasa kortizon, yankewar gaggawa na iya kai shi ƙasa. Sai likita ya rage masa sannu sannu. Abin takaici shi ne mutumin da ya ƙi kwalbar shaƙa don tsoron kortizon, wadda abin da take kai wa jini ɗan kaɗan ne, shi ne ke haɗiyar ninkinsa da yawa ba da saninsa ba.

Allurar ma tana da nata sharuɗɗa. Guraben asma suna bisa baya da ƙirji, inda huhu ke kusa da fata, musamman ga ramamme. Idan allura ta zarce takan huda shi iska ta taru a kewayensa, kuma wannan na cikin haɗurran da aka fi rubutawa game da aikin. Ciwon ƙirji mai suka ko ƙarin haki bayan an tashi daga gadon allura zancen asibiti ne nan take. Kuma a ƙasar da ciwon hanta ya yi yawa kamar Nijar, allurar da ba a buɗe daga ledarta gaban mai ita ba, ba ta da wurin shiga jikinsa.

Mai asma da ke son allurar, yana da halin biya, ya kuma samu wanda ya ƙware, babu dalilin hana shi, muddin kwalabensa biyu suna nan kuma bai rage ko fesa ɗaya ba sai da izinin likitan da ya auna huhunsa. Mai allurar kirki ba zai ce a ajiye su ba. Wanda ya ce a ajiye, ya nuna kansa. Tun 2019 ma ƙwararrun ƙungiyar GINA, masu tsara ƙa'idar maganin asma a duniya, suka daina amincewa da a bar babba da Ventoline kaɗai, domin buɗewa ba tare da kwantar da kumburi ba ita ma wani nau'in kashe ƙararrawa ce. Zancen da ake yaɗawa cewa kwalbar shaƙa na sa sabo kamar taba ba shi da tushe. Wanda ya ga yana bukatarta fiye da sau biyu a mako, kumburin ne ke ƙaruwa, kuma maganin kumburin ya kamata a duba. Tarin da ya wuce mako biyu tare da rama da gumin dare kuwa, awon kaki yake bukata kafin a kira shi asma.

Alamun da ba a jira da su sananni ne: mutum ya kasa ƙarasa jimla ba tare da ya tsaya jan iska ba, fata ta riƙa lotsawa tsakanin haƙarƙari ko a gindin wuya, leɓe ya sauya launi, yaro ya kasa shan nono ko ya yi laushi, ko ƙirjin da ke kuka ya yi tsit alhali hakin bai tafi ba. Kafin a isa asibiti, abin da ya fi taimako yana iya kasancewa cikin kwandon shara. A 1999 likita Heather Zar da abokan aikinta a birnin Kap na Afirka ta Kudu sun nuna cewa gorar roba ta rabin lita tana kai maganin shaƙa cikin huhun yaro daidai da na'urar da ake sayarwa a farmasi. A wanke gorar ta bushe, a huda gindinta daidai bakin kwalbar maganin, a girgiza kwalbar a cusa, yaro ya kama bakin gorar da leɓensa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi sau biyar ko shida kafin a sake wata fesawar. Yawan fesawar da ta dace da shekarunsa, a tambayi likita tun ana lafiya, a rubuta a jikin gorar.